Fayafayan Elcados: Zamanin da Jitar Lantarki Ta Yi Hausa a Kano

Kafin a yi titin da ya ratsa Lokoja da Abuja, mai barin Legas da mota zuwa Kaduna ko Kano hanya ɗaya ya fi sani: Ibadan, Ilori, gadar Jebba, Mokwa, Tegina, sannan ya faɗo Birnin Gwari. A nan ake yada zango, fasinja su yi salla su ci abinci, yaron mota ya zagaya yana bubbuga taya, kafin a kutsa dajin da ya miƙa har Buruku, ko kuwa a karkata a nufi Funtuwa. Manyan motoci masu bodin katako sun yi shekaru suna hawa da goro da gishiri da atamfa ta wannan hanya. Cikin kayan da ke zuwa Arewa a shekarun 1970, wani ta jirgin ƙasa wani ta mota, har da kwalayen fayafayan garmaho.

Bahaushe bai sha wahalar raɗa wa wannan baƙo suna ba. Ya ga abu zagayayye, shimfiɗaɗɗe kamar abin da mata ke rufe ƙwaryar fura da shi, sai ya ce faifai. Dattawan da suka mallaki garmaho a wancan zamani, in ka tambaye su abin da suke ɗorawa, za su lissafa maka Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Haruna Uji, wataƙila su ƙara da waƙoƙin finafinan Indiya. Da wuya ka ji wanda zai ambaci Elcados. Alhali kuwa ƙungiya ce ta samarin da suka zauna a Kano, suka riƙe jitar lantarki da gangunan Turawa, suka yi kiɗan rok, har kamfanin EMI ya buga musu faifai.

Shi wannan kiɗa asalinsa Amurka ne. Ranar 12 ga Afrilu, 1954, Bill Haley da ƙungiyarsa Comets suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a New York, suka naɗa wa kamfanin Decca waƙar "Rock Around the Clock". Kamfanin bai ɗauke ta a bakin komai ba, ya sa ta a bayan faifai. Sai da aka buɗe fim ɗin Blackboard Jungle da ita a 1955 sannan ta kama kamar wutar daji, ta yi mako takwas tana kan gaba a Amurka. Amma Haley ya tarar da rijiyar a haƙe ne. Baƙaƙen fatar Amurka suka haƙa ta, irin su Fats Domino da Chuck Berry da Little Richard da waɗanda suka gabace su. Abu biyu suka sa kiɗan ya zaga duniya da wuri. Na farko ƙaramin faifan nan mai juyi 45 a minti, wanda kamfanin RCA ya fito da shi a 1949: ga araha, ga shi ba ya fashewa da sauƙi kamar tsohon mai juyi 78, kowane gefe waƙa ɗaya. Na biyu, kiɗan ba ya neman taron jama'a. Samari huɗu ko biyar, jita biyu ko uku, ganguna, sai lasifika, shi ke nan an kafa ƙungiya.

A Najeriya ta shekarun 1960 hailaif ke mulkin dare, kiɗan su Bobby Benson da Victor Olaiya da Rex Lawson, mai tarin 'yan busa. 'Yan makaranta ne suka fara kwaikwayon Cliff Richard da Beatles, aka samu ƙungiyoyi irin su Hykkers a Legas. Geraldo Pino ya zo daga Saliyo da kayan sautin da suka girgiza kowa, har Fela ya sha faɗin yadda abin ya dame shi. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya karya lagon hailaif, James Brown kuma ya zo a Disambar 1970 ya ƙara zuga samari. Daga nan aka samu Funkees da Wings a Gabas, BLO da MonoMono da Ofege a Legas, akasarinsu ta hannun Odion Iruoje, mai shirya sauti a EMI. Haka ake ba da labarin har gobe, labarin Legas da Aba da Enugu. Arewa sai a tsallake ta, kamar ba a taɓa jona jita da lantarki a ƙetaren Kwara ba.

An jona. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma kafa Sabon Gari bayansa da kaɗan, birnin ya zama gari biyu masu maƙwabtaka. Cikin ganuwa ana kwana da wuri. A wajenta akwai otal-otal da kulob-kulob da gidajen silima irin su Rex da Eldorado, ga ma'aikatan reluwe da na filin jirgin sama, ga 'yan kasuwa Kwarori, ga sojoji. Kashe-kashen 1966 sun kwashe jama'ar Sabon Gari da yawa, unguwar ta yi tsit. A ƙarshen shekarun 1960 ɗin nan, cikin wannan hali, aka samu ƙungiyar Moonrakers a Kano, kuma daga cikinta Elcados ta fito. Sunayen da ke tare da tarihinta sun haɗa da Frank Martins mai jita, da Rocky Mustapha, da Steve Black. Jerin sunayen kaɗai ya isa ya nuna irin garin da ya haɗa su.

In ana maganar yawa, abin da suka bari bai taka kara ya karya ba: manyan fayafayai biyu da aka fi sani, sai waƙoƙin da masu tono suka tsinto daga baya. Na farkon, This World Is Full of Injustice, ya fito a farkon rabin shekarun 1970. Sunan na cewa duniyar nan cike take da zalunci, kuma samarin da suka ga 1966 da yaƙin da ya biyo baya ba sa bukatar wanda zai koya musu wannan karatu.

Waƙar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda aka buga sunanta "Ku Mi Da Hankan". Duk Bahaushen da ya karanta wannan zai ji abin da ake nufi, ku mai da hankali. Rubutun ya karkace, irin karkacewar da ake samu in kalma ta ratsa bakin wanda ya koyi Hausa a kasuwa da tasha, ta kuma faɗa hannun mai buga takarda a Legas. Ni ban ga abin raini a nan ba. Wannan ita ce Hausar Sabon Gari da bariki, Hausar da Bayarabe da Inyamuri da ɗan Binuwai da ɗan Filato suke ciniki da ita, suke faɗa su shirya da ita. Miliyoyin mutane ke magana da ita, amma ba kasafai ta samu shiga littafi ba. Ga ta nan a faifai, tana tafe kan jita mai kuka da ganguna masu nauyi. Mai nazarin yadda Hausa ta zama harshen kowa a biranen Arewa ya kamata ya saurari wannan waƙa kamar yadda yake karanta tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Faifai na biyu, What Ever You Need, ya fito a 1979, lokacin da iska ta riga ta juya. Disko da rege sun cika kulob, sautin Elcados ma ya bi su, ya yi santsi, ya fi karkata ga rawa. A shekarar ce kuma Steve Black ya fitar da nasa faifan, Village Boogie, a ƙarƙashin kamfanin Afrodisia.

Me ya sa abin ya tsaya a 'yan fayafayai? Nisa na daga ciki. EMI da Decca da Philips duk a Legas suke da hedikwata. Tsakanin Kano da Legas akwai wajen kilomita 1,000. Ɗakin ɗaukar sautin EMI yana Apapa, shi ne wanda Paul McCartney ya zo a 1973 ya naɗi yawancin faifansa Band on the Run a ciki, a kan na'ura mai layi takwas kacal. Ƙungiyar Legas na iya shiga tasi ta je ta dawo. Ta Kano sai ta bar kulob ɗin da ke ciyar da ita, ta ɗaure kaya, ta yi kwana da wuni a hanya, ta kuma nemi masauki a garin da ba nata ba.

Amma a ganina babban dalilin yana gida. Makaɗin Hausa na da ubangida. Sarki ko attajiri ko ɗan siyasa zai ba shi riga, ya ba shi doki, daga baya ma mota da kujerar Makka, shi kuma ya wasa shi. Faifai a wurin Shata ƙari ne a kan abin da ya riga ya samu a fagen biki. 'Yan rok ba su da wanda suke wasawa. Abincinsu kuɗin ƙofa ne da albashin mai otal, sau da yawa kayan kiɗan ma na mai otal ɗin ne. Sannan wurin sana'arsu wuri ne da ake sayar da giya, inda ɗan mutunci daga cikin birni ba ya son a gan shi. Kunnen matasan Hausa kuwa finafinan Indiya sun riga sun kama shi. Kiɗan ya rayu a gefen gari, ya kuma mutu a gefen gari.

Ba su kaɗai ba ne a Arewa. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo, yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kafa UniBello Brothers, kafin ƙungiyarsa Groovies da waƙar shirin Cock Crow at Dawn su kai sunansa kowane gida. A Kaduna akwai Bala Miller da ƙungiyarsa Pyramids, wanda ya yi waƙa da Hausa tsantsa a kan kayan kiɗan zamani, ya kuma yi shiri a talabijin. Ya rasu a 2003. Shi dai mutanen Kaduna na tuna shi.

Kuɗin Udoji da suka shiga aljihun ma'aikata a 1975 sun sa gidaje da yawa sun sayi rediyo mai garmaho. Shekaru kaɗan bayan haka kaset ya zo, kowa na iya kwafa a shago, farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta shelanta tsuke bakin aljihu a 1982. Kamfanonin Turawa suka janye hannu ɗaya bayan ɗaya: EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier. Fayafayan da ke gidaje zafi ya lanƙwasa wasu, ƙura ta cinye wasu, yara suka yi wasan jifa da saura. Da masana'antar finafinan Hausa ta tashi a shekarun 1990, fiyano ɗaya ƙirar Yamaha ta wadatar da mawaƙi, ba ruwansa da mai jita ko mai ganga.

Waɗanda suka dawo da sunan Elcados daga nesa suka zo. Miles Cleret, Baturen Ingila mai kamfanin Soundway, ya bi kasuwanni da ɗakunan ajiya yana tsintar tsofaffin fayafayai, ya fitar da kundin Nigeria Rock Special a 2008, "Ku Mi Da Hankan" na ciki. A 2010 ya ƙara da The World Ends, inda aka sa wata waƙar tasu, "Chokoi & Oreje". Uchenna Ikonne, ɗan Najeriya mai bin diddigin wannan zamani, ya rubuta tarihin rok ɗin ƙasar a Wake Up You!, wanda kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar a 2016. Kamfanin PMG na ƙasar Ostiriya kuma ya sake buga What Ever You Need da Village Boogie.

Ina gode musu, kuma abin na yi mini ciwo. Muna da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, muna da gidan rediyon da ke watsa shiri tun 1962, muna da jami'o'in da suka tara kundaye kan Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kuma sun cancanci fiye da haka. Sai dai kiɗan da aka yi a Sabon Gari ma tarihin Kano ne. Yau duniya na tafa wa jitar Agadas, ta su Bombino da Mdou Moctar, ba ta san cewa tun kafin a ji sunan ƙungiyar Tinariwen wasu samari sun riga sun sa jitar lantarki ta yi Hausa a Kano ba.

Hanyar Birnin Gwari da ta ga wucewar waɗannan fayafayai, 'yan bindigar daji sun yi shekaru suna hana ta sakat, har direbobi suka riƙa jiran rakiyar sojoji. Amma tsofaffin gidajen malaman makaranta da ma'aikatan gandun daji da direbobin gingimari suna nan, a Birnin Gwari da Tegina da Funtuwa. A wasunsu akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko tsohuwar rediyo mai garmaho da aka mayar teburin ajiye kwanuka. Wanda ya buɗe ya ga faifai mai tambarin EMI, kada ya goge shi da tsumma mai kaushi, kada kuma ya bar shi a rana. Ya tsayar da shi a tsaye cikin rigarsa ta kwali, ya karanta sunan da ke tsakiya.