Bijimin Kirit: Daga Zoben Zinariya Zuwa Saniyar Yumɓu

Wannan makon mun tsallaka Bahar Rum zuwa tsibirin Kirit na ƙasar Girka, arewa da gaɓar Libiya. Wajen shekara 3,500 da suka wuce an yi wasu mutane a can, ma'abuta jiragen ruwa da fatauci har Masar. Wani Bature, Arthur Evans, ya shiga tonon babbar fadarsu ta Kunosos a 1900, ya laƙaba musu suna Minowa.

Bijimi na cikin abubuwan da aka fi gani a zane a jikin kayan da aka tono. Akwai zobban zinariya masu faɗin fuska, ɗan wurin bai kai tafin hannun jariri ba, amma maƙeri ya zana bijimi a guje, ga saurayi ya yi alkafura ta bayansa. Wanda ya taɓa kallon hawan ƙaho na mahauta ya san irin zuciyar da wannan ke bukata. Evans ya ce wai ɗan wasan kan kama ƙaho ne, sa ya cilla shi sama. To, ku makiyaya ku yi mana hukunci. Sa in ya kawo suka ai karkata kai yake yi gefe, ba ya ɗaga mutum salin-alin. Kuma ba kullum ake kwana lafiya ba: a wani kofin dutse daga Hagiya Tiriyada, inda aka sassaƙa 'yan dambe, ga wani nan ƙaho ya tsire shi.

'Yan kasuwa, ga naku. Zoben ba ado kaɗai ba ne, hatimi ne. Ana danna shi a ɗanyen yumɓu a liƙe takardar fata. An samu tambarin zobe ɗaya tak mai hoton tsallaken bijimi a garuruwa daban-daban na tsibirin, alamar hannu ɗaya ne ke aika saƙo ko'ina.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni yana kan duwatsu. A ƙololuwar Fetsofas da Yuktas, wuraren bautarsu, an tarar da ƙananan gumakan yumɓu birjik cikin toka: shanu, tumaki, awaki, har da hannu ko ƙafar mutum ita kaɗai. Masana da yawa na ganin makiyaya da manoma ne ke hawa da su, suna roƙon abin bautarsu ya tsare garke ko ya warkar da gaɓar da ke ciwo. Mutum ya murza 'yar saniya da yatsunsa, kamar yadda yaranmu ke yi a bakin rafi, ya hau dutse da ita don tsoron kada annoba ta shiga masa dabbobi.

A ƙarshe bijimin kan kai ga wuƙa. Jikin wani akwatin gawa na dutse, daga Hagiya Tiriyada ɗin dai, an zana sa a ɗaure kan tebur, jini na zuba a tulu, mai sarewa na busa a bayansa. Shi ya sa ake ganin wasan da bautar tafiyarsu ɗaya, ran biki ɗaya.

Har a Masar, a Tal al-Daba cikin yankin bakin kogin Nilu, an tono ɓaraguzan bango masu zanen wannan tsallake, irin na Kirit sak.