Yogar Ɗaki Mai Zafi

Yogar ɗaki mai zafi wani salo ne na motsa jiki da ake yi a ɗakin da aka ɗumama da gangan. Bikram Choudhury, ɗan Kalkata ta Indiya, shi ya yaɗa ta a Amurka a shekarun 1970. Tsarinsa ya ƙunshi miƙe-miƙen jiki iri 26 da atisayen numfashi 2, cikin minti 90, a zafin da ya kai kusan digiri 40, irin na tsakar ranar Afrilu a Kano.

Masu yinta na cewa tana sassauta gaɓoɓi, tana kuma kwantar da hankali. Wani bincike na Babban Asibitin Massachusetts a 2023 ya gano ta rage ciwon damuwa ga wasu. Da yawa daga ɗaliban Choudhury sun koma malamai bayan horon mako tara, ta zama sana'arsu.

Amma akwai haɗarin bushewar jiki da jiri, don haka mai hawan jini ko juna biyu ya fara tuntuɓar likita. Mata da dama sun zargi Choudhury da cin zarafi, abin da ya sa makarantun yoga masu yawa suka cire sunansa. A Malesiya kuwa, majalisar fatawa ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda tushenta na addinin Hindu.