Gansakuka da Burugu da Baƙuwar Kainuwa: Tarihin Binciken Tsirran Ruwa a Gaɓar Tafkin Kainji

2.1 Gabatarwa

Wannan babi ya waiwayi yadda jami'o'i da cibiyoyin bincike suka shigo ƙasar Yauri domin nazarin tsirran ruwa, tun daga lokacin da aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji. Abin da babin yake son nunawa shi ne cewa tsoron asara ne ya riƙa zaɓa wa masana tsiron da za su nazarta: asarar wutar lantarki da farko, daga baya kuma asarar kifi. Tsiron da bai tsorata kowa ba, kamar gansakuka, sai ya koma gefe.

Ya kamata a fayyace kalmar tun da wuri. Bahaushe yakan kira abubuwa biyu da suna gansakuka. Akwai koren yauƙin da ke kwantawa a kan ruwa, akwai kuma ɗan ƙanƙanen tsiron nan mai laushi da ke fitowa a jikin rijiya da duwatsu da gindin itatuwa da damina. Masana ilimin tsirrai sun raba su gida biyu. Na biyun yana da ganye da ɗan kara, amma ba shi da saiwa ta gaskiya, ba ya fure, kuma da wata ƙura mai kama da gari yake yaɗuwa. Shi ake nufi a wannan babi.

2.2 Kafin a Toshe Kogin Kwara

An fara aikin madatsar a shekarar 1964, aka toshe kogin a 1968, sannan aka yi bikin buɗewa a watan Fabrairu na 1969. Tafkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 136, faɗinsa kuwa kimanin murabba'in kilomita 1,270. An tashi mutane wajen 44,000 daga mazaunansu, cikinsu har da Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a tsibirai da bakin kogi.

Masu tsara aikin suna da darasi a gabansu. A tafkin Kariba, wanda ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe ta yau, wani tsiro mai shawagi da ake kira Salvinia ya rufe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na fuskar ruwan a 1962. Saboda gudun irin wannan, wata tawagar masana daga Jami'ar Libaful ta Ingila ta zo yankin a 1965 domin ta rubuta abin da ke raye a kogin kafin ruwa ya shanye wurin. C. D. K. Cook, wanda ya ƙware a kan tsirran ruwa, ya buga nazarinsa na tsirran wurin a 1968. Daga cikin gida kuwa, Jami'ar Ife ce ta fi taka rawa. A. M. A. Imevbore da O. S. Adegoke sun tattara ayyukan masana a littafi guda wanda jami'ar ta buga a 1975, a kan yadda kogi ya rikiɗe ya zama tafki.

A 1968 aka kafa shirin binciken tafkin da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin ya zama Cibiyar Binciken Tafkin Kainji a 1975, sannan a 1987 aka mayar da ita cibiyar binciken kifin koguna da tafkuna ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fi sani da NIFFR. Mazauninta yana Sabuwar Busa, kusa da madatsar, alhali ruwa marar zurfi da tsirrai suka fi so yana can arewa, wajen Yelwa da Ngaski da Shanga.

2.3 Burugu: Ciyawa ko Dukiya?

Tsiron da ya mamaye tafkin bai zo daga wata ƙasa ba. Burugu ne, wanda masana ke kira Echinochloa stagnina, ciyawar da Fulani makiyaya suka daɗe suna dogaro da ita a fadamun Kwara tun daga ƙasar Masina ta Mali. Dalilin bunƙasarsa yana tattare da yadda ruwan tafkin ke hawa da sauka. Ambaliya biyu ke shigowa a shekara. Farin ruwa yakan zo da damina daga kogunan yankin, ciki har da na Sakkwato da Rima, ɗauke da laka. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ba ya isowa sai da hunturu, bayan ya ajiye lakarsa a hanya. Tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akwai bambancin zurfi na wajen mita 10. Idan ruwan ya janye, sai ya bar faffaɗan fili mai danshi. A nan burugu ke kafa saiwa, idan ruwa ya dawo kuma sai karansa ya yi ta tsawo yana bin ruwan sama.

Ga hukumar wutar lantarki ta lokacin, wato NEPA, wannan ciyawa ɓarna ce, domin ganyenta yana fitar da ruwan da ya kamata ya juya injina zuwa iska. Ga makiyayi kuwa abincin shanu ne a lokacin da daji ya bushe ƙurmus. Masunta su ma sun san cewa a cikin duhuwarsa ƙananan kifaye ke fakewa. A. J. Morton da E. A. Obot (1984) sun yi lissafin cewa burugu zai iya rufe kusan rabin tafkin, amma maimakon a kashe shi da magani, sai suka ba da shawarar a riƙa yankan sa ana ajiyewa domin dabbobi su ci da rani. Ko shakka babu wannan shawara ta dace. Sai dai gaskiyar magana ita ce, abin da masana suka cim ma da lissafi, mutanen bakin kogi sun riga sun daɗe suna aikata shi da lauje da kwalekwale.

2.4 Baƙuwar Kainuwa

Kainuwar da Bahaushe ya sani daban take da wadda ta bayyana a tafkin a 1989. Baƙuwar, mai shuɗin fure da kumburarren kara, asalinta daga Kudancin Amurka ne. Ta shiga ruwan Legas ta Badagiri a 1984, ta Kainji kuwa kogi ne ya gangaro da ita daga Jamhuriyar Nijar, don haka ƙasar Yauri ce ƙofar shigarta. Tana toshe mashigin jirage, tana yaga koma, tana hana kwalekwale isa kasuwa.

A nan kuɗi ya fito da sauri. Shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus na bunƙasa kamun kifi, wanda ya fara a 1993, ya tunkare ta ta hanyoyi uku: gayyar ƙauyuka domin kwashe ta da hannu, sakin wasu ƙwari masu cin ganyenta, da kuma gitta shinge a kan kogin a Zamare a ƙarshen shekarun 1990, domin tare ta kafin ta shiga tafkin.

2.5 Matsayin Gansakuka

Yayin da ake wannan fama, nazarin gansakuka a Nijeriya ya yi sansani a kudu. P. W. Richards da E. W. Jones sun tattara samfura a kurmin Okomu a 1947 zuwa 1948. Daga baya S. O. Olarinmoye da A. Egunyomi a Jami'ar Ibadan, da E. A. Odu a Ife, suka riƙe fannin. Ana iya yi musu uzuri, domin a kurmi ne ake samun ta jingim a kowane lokaci. A ƙasar Yauri kuwa ɗalibi sai ya dace da damina, ya sunkuya a jikin suri ko dutse ko itacen bakin rafi kafin ya gan ta. Da rani takan bushe kamar ta mutu, amma da zarar ta sami ruwa sai ta farfaɗo ta yi kore cikin ɗan lokaci. Tana riƙe ƙasa, tana kuma cikin tsirran farko da ke kama wurin da ba komai, irin filin da tafki ke bari idan ya janye.

Jami'o'in da ke kusa da tafkin sun zo a makare. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, shekaru bakwai bayan toshe kogin. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ba ta sami jami'a ba sai a 2006 da aka kafa ta kimiyya da fasaha a Aliero, sannan ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Kafin lokacin, tsibirai da fadamun da tawagar 1965 ta taka sun shekara kusan arba'in a ƙarƙashin ruwa.