Tarihin Neman Rigakafin Ciwon Suga na Ƙuruciya

Tun da masu bincike Bottazzo da Doniach suka gano a Landan, cikin 1974, cewa a ciwon suga nau'i na ɗaya garkuwar jiki ce da kanta ke far wa ƙwayoyin da ke samar da insulin, daga baya kuma ya tabbata alamun wannan faɗa kan fito a cikin jini shekaru kafin ƙishirwa da yawan fitsari su kama yaro, sai himmar malaman likita ta karkata ga tare cutar tun ba ta iso ba.

A 1994 aka buɗe babban gwaji a Amurka da Kanada mai suna DPT-1, aka ɗebi jinin dubun-dubatar dangin masu ciwon, aka ware waɗanda alamun suka bayyana gare su. Allurar insulin ba ta hana komai ba, haka nan na haɗiya, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2005. Sai dai da masu binciken suka koma suna tsefe lissafinsu bayan an rufe gwajin, sai suka tarar da wata jama'a wadda alamar ta yi yawa a jininta, kamar cutar ta yi musu jinkirin shekara huɗu ko biyar. Nan ne mas'alar take, domin rukunin da aka tsamo bayan an riga an ga sakamako hukuncinsa hukuncin zato ne, bai kai yaƙini ba, tamkar muftin da ya yanke fatawa sa'an nan ya shiga neman nassin da zai jingina ta.

Abin yabo shi ne ba su yi gaggawa ba. Ƙungiyar TrialNet ta sake gwajin insulin na haɗiya daga 2007, da mutum 560, ta rubuta sharuɗɗanta tun farko. Da sakamako ya fito a 2017, babban rukunin bai amfana ba, alhali wani ƙaramin rukuni dabam, na mutum 55, ya sake nuna jinkiri.

Nasarar farko ta zo ne a 2019, da maganin teplizumab, wanda ake ɗurawa ta jijiya kwana goma sha huɗu, ya jinkirta cutar kimanin shekara biyu, har hukumar magunguna ta Amurka ta halatta shi a Nuwamba 2022. Amma mutum 76 kacal aka gwada, galibinsu Turawa, don haka da'awar cewa masu wani gadon jini sun fi amfana da shi tana jiran wani gwajin da zai tabbatar da ita ko ya rushe ta.