Gidan Madaki: Hannun Zazzau a Ƙasar Bauchi

Wanda ya taso daga Samaru ya ratsa Sabon Gari, kwano da bulon siminti zai yi ta gani. Haka Sabon Gari ya tashi tun zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20. Da wuya baƙo ya yarda cewa Zariya ce ta haifi maginin ƙasa mafi suna a Arewa, Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

Amma mai son ganin hannunsa a gidan zama sai ya niƙi gari zuwa Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa, arewa da birnin Bauchi. A nan ya gina wa Madakin Bauchi gida wajen 1860, nesa da hayaniyar fada. A 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihi na ƙasa.

Daga waje ba wani abin ɗaukar ido. Sai ka shiga babban soron ka ɗaga kai. Bakuna sun taso daga jikin bango, sun lanƙwasa sun haɗu a sama, suna ɗauke da rufin ba ƙarfe ba siminti. Sirrin yana cikin azara, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika cinta ba. Ana jera ta daki-daki, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa. A irin wannan gini ƙashin ɗaki shi ne adonsa.

Sai dai ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani kuma yana jiran yaɓe. Bangon da ka shafa yau, hannun wani magini ne ya sabunta shi bisa sawun na farko. Idan aka toshe indararo, ko aka shafe bango da siminti, danshi ya maƙale a ciki, sai a wayi gari soro ya zauna.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana yaye masu zanen gini kowace shekara. Maginan da suka iya ɗaurin baka kuwa suna ta tsufa a unguwannin birni. Ranar da na ƙarshensu ya rasu bai koya wa kowa ba, kuɗin gyara ba za su tsayar da Gidan Madaki ba.