Daga Lambobin Bach Zuwa Haruffan Jaz

Makalar wannan mako ta leƙa gidan makaɗa ne, amma ku biyo ni, akwai rabonmu a ciki.

A ɗauki mai kaɗa fiyano da ya shekara goma sha biyar yana koyon kiɗan kilasika na Turai. Ka ba shi takarda cike da rubutun Beethoven, zai kaɗa ba gargada. Ka ajiye masa takardar jaz wadda babu komai a kanta sai C7, F7, G7, sai ka ga hannu ya tsaya cak. Abin mamaki, magabatansa a sana'ar ba su san wannan matsala ba.

Wajen shekarar 1600 aka fara salon basso continuo a Italiya. Mai tsara kiɗa yakan rubuta sautin ƙasa kaɗai, ya sa masa lamba, misali 6 ko 7, mai kaɗawa ya lissafo sauran a ransa nan take. Bach, wanda ya rasu a 1750, da wannan yake horar da almajiransa. Zuwa wajen 1800 masu tsara kiɗa sun koma rubuta kowane sauti dalla-dalla. Makaɗi ya zama mai karanta abin da aka ba shi, lissafin kuwa ya tsaya a aji.

Jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka raina a New Orleans a farkon ƙarni na 20, shi ya dawo da lissafin fagen aiki. A 1942 George Goodwin ya fara fitar da katunan Tune-Dex, masu ɗauke da karin waƙa da haruffa a samansa. A tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban makarantar Berklee ta Boston suka haɗa littafin Real Book a kan wannan tsari.

To, yaya ake lissafin? Sautuka bakwai ne a jere kamar matakala: C, D, E, F, G, A, B. Ka taka ɗaya ka tsallake ɗaya: 1, 3, 5, 7, wato C, E, G, B. Farkon tuntuɓe a nan yake, domin a C7 ana sauke B ɗin da rabin mataki. Idan ana son sa yadda yake, sai a rubuta Cmaj7. In ka ci gaba da hawa, D ya zama 9, F ya zama 11, A ya zama 13. Ashe ke nan C13 sautuka bakwai ne a takarda. Wanda ya saba kaɗa duk abin da ya gani zai danna su gaba ɗaya, sauti ya cakuɗe.

A shekarun 1950 irin su Red Garland da Bill Evans suka yaɗa mafita. Evans ɗan kilasika ne, ya kammala karatun fiyano a Louisiana a 1950, ya shiga ƙungiyar Miles Davis a 1958, da shi aka naɗi faifan Kind of Blue a 1959. Yakan bar wa mai ƙaton goge sautin tushe, ya watsar da G, ya kauce wa F saboda yana karo da E. Abin da ya rage a hannun hagu huɗu ne: E, A, saukakken B da D. Na 3 da na 7 su ke faɗin halin sautin, sauran ado ne.

Mu ma haka. Da yawanmu mun haddace jimlolin manyan marubuta, amma in an ba mu jigo tsirara sai alƙalami ya tsaya. A wannan mako kowa ya ɗauki sakin layi guda daga rubutunsa, ya nemo kalmomin da ke riƙe da ma'ana, ya gwada cire sauran ya ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.