Nikos Galis: Yadda Ƙwallon Kwando Ya Samu Gindin Zama a Girka

Mutanen Girka ba su wuce miliyan goma da 'yan kai ba, amma duk mai bin ƙwallon kwando na Turai ya san ba a lissafin manya a tsallake su. Zuwa 2024, Panathinaikos ta ɗauki babban kofin ƙungiyoyin nahiyar sau bakwai, Olympiacos sau uku, tawagar ƙasar kuma ta zama zakarar Turai har sau biyu. Wanda ya ga haka sai ya zaci gado ne tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. Kafin 1980 ƙwallon ƙafa ne ke da gari, kwando kuwa yana can gefe.

Ba wai wasan baƙo ba ne a ƙasar. Girka ta samu lambar tagulla a gasar Turai ta 1949 da aka yi a Alƙahira, kuma a 1968 ƙungiyar AEK ta doke Slavia ta birnin Prague a tsohon filin marmara na Atina, gaban dubban 'yan kallo, ta ɗauki ɗaya daga cikin kofunan Turai. Sai dai irin wannan nasara takan zo ne jifa-jifa, a yi murna a watse. 'Yan wasa da yawa suna da wata sana'ar da suke ci da ita, filaye na rufi ba su da yawa, kuma doka ba ta yarda baƙo ya buga gasar ƙasar ba. Hanya ɗaya ce ta rage wa ƙungiyar da ke son ƙarfafa kanta daga waje: ta nemo ɗan Girkawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, tunda shi jininsa na gida ne. Ta haka ne Kurt Rambis, wanda daga baya ya yi suna a Los Angeles Lakers, ya yi kaka ɗaya a AEK da sunan Kyriakos Rambidis. Ta wannan ƙofar Nikos Galis ya shigo, amma shi bai koma ba.

An haife shi a jihar New Jersey ranar 23 ga Yuli, 1957, a gidan talakawa 'yan ci-rani da suka fito daga tsibiran Girka. Mahaifinsa ya yi dambe a ƙuruciyarsa, yaron ma da dambe ya fara, har mahaifiyarsa ta gaji da ganin fuskarsa da rauni ta sa ya bari. Ya koma kwando, ya shiga Jami'ar Seton Hall, inda a kakarsa ta ƙarshe, 1978 zuwa 1979, yake cin maki 27.5 a kowane wasa idan aka raba. Mutum biyu kacal suka fi shi a manyan jami'o'in Amurka a shekarar, ɗayansu Larry Bird ne. Amma tsawonsa mita 1.83 ne, gajere a wurin masu wannan sana'a, saboda haka da aka zo zaɓen sabbin 'yan wasa na NBA a 1979 sai a zagaye na huɗu Boston Celtics ta ɗauke shi, na 68. A sansanin atisaye ya ji ciwo a idon sawu, kafin ya warke an ba wani gurbin. Wani hanin ga Allah baiwa ne. A ƙarshen shekarar ya sauka a Tasalonika, birni na biyu a Girka, ya sa riga mai ruwan ɗorawa ta ƙungiyar Aris, ko yaren ƙasar bai gama kamawa ba.

Abin da ya kawo ba maki kawai ba ne. Ya zo da tarbiyyar wanda ya ɗauki wasa sana'a: atisaye kullum, kula da jiki, kula da abinci da barci, a wurin da yawancin abokan wasansa ke ɗaukar abin a matsayin aikin yamma bayan an tashi daga ofis. Salon wasansa kuma ya saɓa wa hankali. Gajere ne, amma ba daga nesa yake cin abincinsa ba. Yakan kutsa tsakiyar dogaye, ya yi tsalle tare da su, ya dakata a sama har su fara saukowa, sannan ya saki ƙwallon, sau da yawa bayan an bangaje shi. Ƙirar ɗan dambe ta yi masa rana a nan. Kuma da wuya koci ya fitar da shi ya huta. Minti arba'in ɗin wasan yawanci duk a filin yake yin su. Daga 1981 zuwa 1991, shekara goma sha ɗaya a jere, babu wanda ya fi shi cin maki a gasar Girka.

Akwai wani wasa da Girkawa ba sa gajiya da labarinsa, wanda aka yi a watan Janairun 1981 tsakanin Aris da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Ionikos. Galis ya ci maki sama da 60, Aris ta yi nasara da 114 da 113, amma duk da haka ba shi ya fi kowa ci a ranar ba. Wani matashi na Ionikos, Panagiotis Giannakis, ya ci 73. A 1984 Aris ta sayo shi. A ganina, ranar da aka haɗa mutanen nan biyu ita ce ranar da labarin ya canza, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun na Galis ne. Giannakis ya iya cin maki kamar kowa, amma ya yarda ya rage nasa, ya ɗauki tsaro da rabon ƙwallo da jan ragamar 'yan wasa, ya bar wa abokinsa kwando. Masu yabon Galis sukan wuce wannan sadaukarwa da sauri, alhali ba kowane gwani ke iya ta ba. A samansu kuma akwai koci Giannis Ioannidis, mutum mai zafin rai da tsananin horo. Aris ta ci gasar ƙasa a 1983, sannan ta riƙe ta shekara bakwai a jere daga 1985 zuwa 1991, har ta yi wasa 80 a gasar ba a doke ta ba.

Wasannin Turai ne suka fitar da ƙungiyar daga Tasalonika suka shigar da ita kowane gida. Daren Alhamis ake buga su, gidan talabijin na gwamnati yana nunawa, kuma a lokacin babu tashoshi masu zaman kansu da za su raba hankalin jama'a. Tituna sukan yi fayau. Gidajen sinima da na wasan kwaikwayo sun ga ba ciniki a wannan dare, har wasu suka riƙa rage kuɗin shiga. Mutumin Atina da ba ya shiri da mutanen Tasalonika a harkar wasa, daren Alhamis ɗan Aris ne.

Sai 1987 ta zo, Girka ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashen Turai a sabon filin Zaman Lafiya da Abota da ke Piraeus. Ba wanda ya sa ta a lissafi. Tarayyar Sobiyet da Yugoslabiya su ne masu wasan, sai Sifen da Italiya a bayansu. A zagayen rukuni ma Girka ta sha kashi a hannun Sifen da Sobiyet. Amma ta doke Italiya a zagayen 'yan takwas, ta kuma doke Yugoslabiya ta su Dražen Petrović da ci 81 da 77 a wasan kusa da na ƙarshe, karo na biyu ke nan a gasar. Ranar 14 ga Yuni aka sake karawa da Sobiyet, wadda Alexander Gomelsky ke horarwa. Gaskiya ne babban dogonsu Arvydas Sabonis yana jinya bai zo ba, amma akwai Marčiulionis da Volkov da ƙaton nan Tkachenko, tawagar da yawancinta ta ci zinare a gasar Olamfik shekara ɗaya bayan nan.

Lokaci ya cika ana 89 da 89, aka shiga ƙarin lokaci. Ana 101 da 101, saura 'yan daƙiƙu, ɗan Girka ya jefa ƙwallo bai shiga ba. Wanda ya cafe ta a ƙarƙashin kwando ba Galis ba ne, Argyris Kambouris ne, ɗan wasan da ya taɓa yin aikin gini don ya ci abinci. Aka yi masa ƙeta, alƙalin wasa ya ba shi jifa biyu daga layi, saura daƙiƙa huɗu. Ya tsaya, filin ya cika maƙil, manyan ƙasa suna zaune suna kallo. Ya jefa na farko ya shiga, ya jefa na biyu ya shiga. Sobiyet ta yi jifan ƙarshe daga nesa ya kauce. 103 da 101. Galis ya ci 40 a daren, ya gama gasar da maki 37 a kowane wasa, aka ba shi kyautar gwarzo. Jama'a suka kwana a kan titi daga Atina har ƙauyuka.

A tuna cewa a lokacin shekara 13 kacal da ƙasar ta fita daga mulkin soja, shekara shida da shigarta ƙungiyar kasuwar Turai, tana ganin kanta ƙarama kuma matalauciya a cikin manya. Ba ta taɓa cin babban kofi a wasan ƙungiya ba. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi kofin muhimmanci. Yara suka yi tururuwa zuwa ƙananan ƙungiyoyi, aka riƙa kafa kwanduna a makarantu da filayen unguwa, attajirai suka fara zuba kuɗi, kuma daga 1988 aka buɗe wa baƙin 'yan wasa ƙofa. Don kada a ce sa'a ce, a 1989 a Zagreb Girka ta sake fitar da Sobiyet a wasan kusa da na ƙarshe, 81 da 80, wannan karon har da Sabonis a fili, kuma 45 daga cikin makin na Galis ne. Yugoslabiya ce ta tsayar da su a wasan ƙarshe.

Tambayar da ake yawan yi ita ce me ya hana shi komawa NBA, tunda an neme shi bayan ya yi suna. Amsar tana cikin dokar zamanin. Har zuwa 1989 hukumar FIBA ba ta barin ɗan NBA ya buga wa ƙasarsa wasa. Da ya tafi, da ya ajiye rigar Girka, da kuma babu shi a daren Piraeus. Ko da aka soke dokar ya riga ya haura shekara 31. Ina ganin rashin adalci ne a auna mutum irin wannan da mudun NBA kaɗai, kamar dai duk abin da bai faru a Amurka ba bai faru ba. Petrović da Marčiulionis da Divac sun tafi a 1989 sun nuna cewa Turai na da gwanaye, wannan aiki ne babba. Galis ya zauna shekara 13 a birni ɗaya, yara suna ganinsa kowane mako da yarensu ana kiran sunansa, kuma wannan zaman ne ya haifi zuriyar 'yan wasa.

Abu ɗaya ya gagare shi, wato babban kofin ƙungiyoyin Turai. Sau uku a jere Aris ta kai zagayen 'yan huɗu na ƙarshe, sau uku tana faɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe: a Ghent a 1988 a hannun Milan ta su Bob McAdoo, a Munich a 1989 a hannun Maccabi Tel Aviv, a Zaragoza a 1990 a hannun Barcelona. Aris ba ta da zurfin benci irin na waɗannan, kuma a wasa biyu cikin kwana uku hakan yakan fito fili. A 1992, bayan saɓani da sabbin shugabannin ƙungiyar, ya koma Panathinaikos a Atina. Ya ci kofin Girka da ita a 1993, ya kai ta zagayen 'yan huɗu a Tel Aviv a 1994, Olympiacos ta tare musu hanya.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Ranar 18 ga Oktoba, 1994, a wani wasan gasa da Ambelokipoi, koci bai sa shi cikin biyar na farko ba. Kocin kuwa Kostas Politis ne, wanda suka ci kofin 1987 tare. Galis ya bar filin, bai sake buga wasa ba, ya sanar da ritayarsa a shekarar da ta biyo. Babu wasan bankwana, babu zagaya fili. Shekara ɗaya da rabi bayan ficewarsa, a Afrilun 1996 a Faris, Panathinaikos ta ɗauki kofin da ya yi ta nema, Dominique Wilkins ne tauraronta. Olympiacos ta biyo ta a 1997. Karramawa ta zo daga baya: zauren fitattu na FIBA a 2007, aka sa sunansa a filin Aris a 2013 da babban filin rufi na Olamfik a Atina a 2016, sannan zauren Naismith na Amurka ya shigar da shi a 2017 ba tare da ya buga wasan NBA ko ɗaya ba.

Yaran da suka kalli wasan 1987 su suka karɓi ragama. Theodoros Papaloukas yana shekara goma a lokacin, Dimitris Diamantidis bakwai, Vassilis Spanoulis bai cika biyar ba. A 2005 a Belgrade suka doke Jamus ta su Dirk Nowitzki suka ci kofin Turai na biyu, kuma kocinsu Giannakis ne. A 2006 a Saitama ta ƙasar Japan suka doke Amurka mai LeBron James da Dwyane Wade da Carmelo Anthony da ci 101 da 95 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya, kafin Sifen ta lallasa su a wasan ƙarshe.

Filayen unguwa da ƙananan ƙungiyoyin da suka yawaita bayan 1987 ba 'ya'yan Girkawa kaɗai suka amfana da su ba. A watan Disambar 1994, makonni kaɗan bayan wasan Galis na ƙarshe, aka haifi Giannis Antetokounmpo a Atina, ɗan wasu 'yan ci-rani daga Najeriya. Ya tashi a unguwar Sepolia yana talla a titi tare da 'yan'uwansa, ba shi da takardar zama ɗan ƙasa sai a 2013. Wani mai neman yara masu baiwa ya gan shi ya kai shi ƙaramar ƙungiyar Filathlitikos, daga rukuni na biyu na gasar Girka Milwaukee Bucks ta ɗauke shi a 2013. A 2025 a birnin Riga, shi ya jagoranci Girka ta ci lambar tagulla a gasar Turai, Spanoulis yana koci.